Shafin shagona ya kwanta asibiti a Ikeja

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayar da shadda da atamfa da leshi da mayafai a Agege, ba nisa da gadar Pen Cinema. A nan aka haife ni, amma iyayena Kanawa ne, kuma har yau rabin kayana daga Kantin Kwari suke zuwa, sauran daga Balogun. Ban taɓa zama na rubuta wani abu a kan wanda ya yi min aiki ba, ko tela ko mai fenti. Wannan karon ne na ga ya kamata, domin 'yan kasuwa uku sun tambaye ni ko wurin da na kai gyaran shafina na intanet ya ci kuɗinsa, ni kuwa na gaji da maimaita labari ɗaya a waya.

Bara, gab da azumi, wani yaro ya buɗe min shafin intanet na shagon. Ba zan faɗi sunansa ba, ɗan mutunci ne, kuma iya abin da ya sani ya yi. Ranar da ya kawo aikin ya ɗora laftof ɗinsa a kan teburin da muke yanka yadi, na leƙa na ga shagona ya fi na gaske kyau. Gezna a jere huɗu-huɗu, farashi a ƙarƙashin kowace, ga koren maɓallin saye a ƙasa yana ƙyalli. Na biya shi har da tukuici.

Ba a yi sati biyu ba Yayata ta kira daga Kano. "Ke, gobara aka yi a shagon naki? Ba hoto ko ɗaya, sai fili da farashi." Na buɗe a wayata, komai ras. Na ce mata, "Yaya, sabis ne, ki fita tsakar gida." Ta fita, ba abin da ya canza. Sai wata kwastoma ta Idi-Araba ta turo min hoton fuskar wayarta: duk inda alamar naira take, ɗan akwati ne a wurin. Wata ta ce maɓallin saye ya nutse a ƙasan wayar, sai ta yi ta jan shafin kafin ta kamo shi. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne na wata uwar ango a Obalende. Shadda biyar ta zaɓa ta lefe, ta ce ruwan toka mai duhu ta gani. Abin da na saka kuwa ruwan toka ne mai haske. Kaya suka je suka dawo, na biya ɗan aike sau biyu, ga maganar da ta biyo baya, wadda ba zan maimaita ba.

Duk lokacin da na kira yaron amsarsa ɗaya ce: "Hajiya, a wajena yana aiki." Kuma gaskiya yake faɗa. A wajensa yana aiki. Sai dai shi bai taɓa sayen ko ɗankwali a hannuna ba.

'Yata da ke karatun kwamfuta ce ta haɗa ni da waɗanda nake magana a kansu. Su biyu ne, saurayi Bahaushe ɗan Mile 12 da abokiyar aikinsa Bayarabiya. Ofishinsu ɗaki ɗaya ne a saman bene, cikin lungunan Computer Village, kuma ba su da allo a ƙofa. Na shiga jirgin ƙasa daga Agege na sauka Ikeja, sauran na taka da ƙafa cikin masu jan hannu, wannan na cewa a sayar masa da waya, wancan na cewa a saya. Benen kuwa, duk mai ciwon gwiwa ta aika 'yarta.

Ba su buɗe ma laftof ba da na zauna. Saurayin ya ce, "Mama, wace irin waya kwastomominki suke riƙewa?" Na ce ina zan sani. Ya ce to mu fara da wadda ta ce an yi gobara. Nan take na kira Yaya, ta miƙa wa jikanta wayar ya duba, ya ce iPhone 6 ce, wadda ɗanta ya bar mata da ya sayi sabuwa. Saurayin ya yi murmushi ya jawo wata durowa.

Wannan durowar ita ce dalilin da ya sa nake rubutun nan. Wayoyi goma sha huɗu na ƙirga a ciki, a kwance kamar kifi a faranti, kowace da farin tef a bayanta an rubuta sunanta da biro. Akwai iPhone 6 mai tsagaggen gilashi, da iPhone 7, da Samsung biyu, da Tecno da Infinix, da wata 'yar itel da ko yaron shagona ba zai yarda ya riƙe ba. A ƙasan benen suke sayensu da arha, wasu ma batirinsu sai a jikin caja. Ya kunna mai tsagaggen gilashin, ya buɗe shafina, ya miƙo min. Ga gobarar Yaya a tafin hannuna. Wata uku ina ce wa baiwar Allah sabis ne.

Ni mai son sanin dalili ce, ko magani aka ba ni sai na tambayi aikinsa, don haka na tsare su sai sun yi min bayani. Abin da na fahimta, na kuma rubuta a littafin bashi na shago, shi ne: shafin intanet ba hoto ba ne da ake aika wa kowa iri ɗaya. Rubutu ne da umarni. Umarnin da ke cewa wannan ya zama kore, wancan ya matsa dama, a bar tazara kaza, shi ake kira CSS, kuma tun 1996 aka fitar da ƙa'idarsa ta farko. Burauzar da ke cikin wayar mutum, wato manhajar da ake buɗe shafi da ita, ita ke karanta umarnin ta haɗa shafin a gabansa. Burauza kuwa suna da yawa, amma injinan da ke cikinsu manya uku ne. Chrome da Edge da burauzar Samsung duk inji ɗaya suke hawa, Blink. Safari, wato burauzar iPhone, na da WebKit. Firefox na da Gecko. Abin da ya ba ni dariya, a iPhone irin wadda ke hannun mutanenmu, ko Chrome ka sauke, injin Safari ne a ciki. Riga kawai aka canza masa.

Na ce, "To ai wannan kamar in ba teloli uku yadi ɗaya da awo ɗaya ne, kowa ya ɗinko nasa." Yarinyar, wadda tun shigowata ba ta ɗago kai ba, ta ce da Hausarta ta 'yan Agege, "Mama, tela in bai gane ba zai kira ki. Burauza ba ta kira. In ta ga umarnin da ba ta sani ba, tsallake shi take yi ta wuce, ba ta gaya wa kowa." Wannan maganar ce ta warware min "a wajena yana aiki". Yaron farko da sabuwar Chrome ya gwada, ita kuma ta san duk umarnin da ya rubuta.

Hotunan da suka ɓace, ashe an ajiye su ne a wani tsari da ake kira WebP, wanda Google ya fito da shi a 2010 don hoto ya yi sauƙin nauyi. Abu ne mai kyau, yana rage cin data. Sai dai Safari bai fara buɗe shi ba sai a iOS 14 (iOS ita ce manhajar da ke tafiyar da iPhone), a 2020, ita kuwa iPhone 6 a iOS 12 ta tsaya, ba ta ƙara gaba. Ba laifin wayar ba ne, tsufa ne. Maganinsa, suka ajiye kowane hoto kashi biyu, sabon tsari da tsohon JPEG, waya ta ɗauki wanda za ta iya. Haka tazarar da ke tsakanin kayan: umarnin da yaron ya yi amfani da shi sai a 2021 Safari ya koye shi a irin wannan jeri, shi ya sa a tsofaffin wayoyi farashin wannan atamfar ke manne da na waccan, har mutum ya kasa gane na wace ce. Maɓallin da ke nutsewa kuma, an ce wa shafin ya cika tsayin fuskar waya, amma awon bai cire wurin da sandar adireshi ta burauza ke ci ba, sai ƙasan shafin ya shige ƙarƙashinta. Akwai sabon awo da ya zo a 2022 mai lura da wannan. Suka rubuta tsohon da sabon a jere, wadda ta san sabon ta bi shi, wadda ba ta sani ba ta tsallake ta zauna a kan tsohon, sannan suka ɗago maɓallin sama yadda ko a tsohuwar ba zai ɓuya ba.

Ya nuna min wani shafi da suke dubawa kullum, Can I use. Ka rubuta sunan umarni, sai ya fito maka da akwatuna, kowace burauza da layinta, kore na nufin ta sani, ja na nufin ba ta sani ba. Ko ni da ban yi boko mai nisa ba na iya karanta shi. Na ce, "Wannan kyauta ne?" Ya ce kyauta ne. Na yi shiru ina lissafin kuɗin ɗan aiken Obalende.

Inda na fi jin daɗin aikinsu shi ne maganar haruffa. Ni da Hausa da Turanci nake rubuta sunan kaya, kuma ba na son a rubuta min ɗankwali ba lanƙwasa. Salon rubutun da yaron farko ya zaɓa mai kyau ne, mai 'yan kwane-kwane kamar na katin biki, amma waɗanda suka zana shi ba su saka ɓ da ɗ da ƙ ba, ba su kuma saka alamar naira ba. Idan burauza ta zo kan harafin da babu shi, sai ta je ta aro daga wani salon da ke cikin wayar. Shi ya sa a wayata ɗ ɗin yake fitowa siriri, a karkace, kamar an yi wa shadda faci da atamfa. Na daɗe ina ganinsa, na ɗauka haka Hausa take fitowa a intanet. A wayar da ba ta da inda za ta aro kuwa, akwati take sakawa. A 'yar itel ɗin nan na ga kanun shafi da manyan baƙaƙe: akwati, sannan ANKWALI. Saurayin ya ce masu wannan sana'a suna kiran akwatin da sunan awara, tofu, saboda kamarsu, kuma Google na da jerin salon rubutu mai suna Noto da aka yi musamman don a daina ganin awarar. Shi suka saka min. Yanzu ƙ da ɗ suna tsaye daidai da 'yan'uwansu, kuma wannan kaɗai ya sa na ji shafin nawa ne. Na lura saurayin ya ɗauki abin da zafi, ya ce sunansa ma akwai harafi mai lanƙwasa, kuma ya sha ganinsa a gurgunce.

Sai maganar uwar ango. Na so in ji an ce ita ce ba ta gani da kyau, amma ba haka ba ne. A ƙarƙashin kowace shadda yaron ya yi 'yan da'irori na kala da ake taɓawa a zaɓa, kuma ba hoton yadin ba ne, fenti ne na umarni. Burauzar Samsung tana da yanayin duhu da mutane ke kunnawa don idonsu ya huta da dare, kuma in an kunna shi tana sauya launukan shafi da kanta, fari ya koma baƙi, mai haske ya yi duhu. Suka kunna a gabana, na ga ruwan tokata ya rikiɗe. Matar nan abin da ta gani ta faɗa. Suka cire da'irorin suka maye su da hoton yadin na gaske, aka kuma rubuta sunan kowace kala a ƙasa da baƙaƙe. Sun gaya min ƙarara cewa ba su da cikakken iko a kan yadda kowace waya ke nuna launi, don haka in kayan lefe ne in ci gaba da tura bidiyo a hasken rana kafin a biya. Na ji daɗin da ba su yi min alƙawarin abin da ba za su iya ba. Da na koma gida na kira matar na ba ta haƙuri, abin da ban yi niyya ba da safe.

Wasu ƙananan abubuwa biyu su suka gano, ban ma kai ƙararsu ba. Lambar asusun banki lamba goma ce, Safari kuwa in ya ga lambobi a jere yakan ɗauka ta waya ce, sai ya mai da ita shuɗiya, mai saye ta taɓa don ta kwafa, waya ta ce za ta buga kira. Sannan wurin rubuta adireshi, in girman rubutun ya gaza awo 16, iPhone na zuƙo shafin da kanta, komai ya fita daga fuska. Duka biyun cikin mintuna suka gyara.

A kan burauzar Opera Mini muka yi faɗa. Kwastomomina da yawa ita suke amfani da ita, musamman na gida Arewa da masu lallaɓa data, kuma ba na ganin laifinsu. In an saka ta a matsanancin tsimi, shafin ba kai tsaye yake zuwa waya ba, sai ya bi ta kwamfutocin kamfanin Opera, a matse shi, a rage nauyin hotuna, sannan a turo. Kamfanin na cewa tsimin kan kai kashi 90 cikin ɗari. A hanyar nan salon rubutun da ka zaɓa yakan zube, wasu kwalliyar su zube, kwandon saye na shafina ma ya ƙi motsi. Na ce a gyara ya zama daidai da na Chrome, ai don haka na biya. Yarinyar ta ce ba zai yiwu ba, kuma ko zai yiwu ɓarnar kuɗina ce. Ta ce abin da za su tabbatar shi ne mai Opera Mini ta ga hoto, ta ga farashi, ta ga kala a rubuce, ta kuma sami linkin da zai kai ta WhatsApp ɗina da sunan kayan a ciki. Na ce wato nawa kwastomomin talakawa a ba su shago marar fenti. Ta ce, "Mama, yanzu ma ƙofar a kulle take." Na rasa amsa, amma har yau in na buɗe shafin a can raina ba ya so. Sheƙin gezna, wanda shi ake saya, ba ya fitowa a hoton da aka matse. Ciniki dai ana yi, ban musa ba.

To, ga inda suka gaza, don kada wata ta je ta ce na rufe ta. Kwana goma suka ce, kwana ashirin da uku suka yi. A tsakani akwai kwana huɗu da ba mai ɗaga waya, sai saƙon "muna kai, Mama" da tsakar dare. Mutum biyu ne suna karɓar aikin mutum biyar. Na biyu, sun canza min salon rubutun kanun shafi ba su tambaye ni ba. Dalilinsu mai kyau ne, na faɗa a sama, amma shagona ne, a gaya min kafin a sauke min allo. Na uku, takardar bayanin da suka ba ni shafi tara ce da Turancin sana'arsu, ba don 'yata ba da sai dai in naɗe turare da ita. Saurayin da ya iya zama ya fahimtar da ni da Hausa tsaf, me zai hana ya rubuta rabin shafi da ita? Na gaya masa, ya sosa ƙeya ya ce bai taɓa tunanin haka ba. Yarinyar kuma ta san aikinta fiye da shi, a ganina, amma haƙurinta gajere ne, wadda ba ta saba da 'yan Legas ba za ta ce rashin kunya ce.

Kuɗi: naira dubu 150 na biya, kusan abin da na ba yaron farko na ginin shafin gaba ɗaya. A ciki akwai wani kaso da suka ce na hayar BrowserStack ne, wani kamfani da aka kafa a Mumbai ta Indiya a 2011, wanda ke ba ka damar gwada shafi a kan wayoyinsa daga nesa, su kuma da dala suke biyansa. Da shi suke duba sababbin wayoyi masu tsada da ba su da su a durowa. Sun so in shiga tsarin biya duk wata su riƙa dubawa, saboda burauza ba sa daina sabuntawa. Na ƙi. Shagona bai kai nan ba. Muka daidaita a kan in kawo shi sau biyu a shekara, kafin azumi da kafin Babbar Sallah, lokacin da kuskure ya fi tsada.

Ga wadda shafinta na ado ne kawai, cinikinta duk a WhatsApp yake, ta riƙe kuɗinta. Wadda kuwa ake zaɓar kaya a shafinta ana biya, musamman kayan da kala ke raba su, zan ce ta je, amma ta ninka kwanakin da suka faɗa, ta kuma ce a rubuta mata duk abin da za a canza kafin a taɓa. In ma wani wurin za ta kai, ta ce a buɗe mata durowa ta gani. Ta tafi da sunayen wayoyin kwastomominta biyar da suka fi saye, ni rashin wannan ya ci min yini guda ina kiran mutane ina tambayarsu abin da ke rubuce a bayan wayarsu.

Ranar da na je karɓar aiki na tafi musu da tsohuwar Infinix ɗina da ke kwance a gida, saurayin ya manna mata tef ya rubuta, ta zama ta goma sha biyar. Daga nan ofishin na kira Yaya na ce ta buɗe. Ta yi shiru, can ta ce, "To, kaya sun dawo. Wannan leshin mai ruwan zuma nawa za ki bar min?" Na ce farashin na nan a ƙasa, ta ce ta gani, ai ni take tambaya.

Shekaranjiya wata kwastoma ta ce in ta shiga shafin daga cikin Instagram, hoton farko yana hawa kan sunan shago. Na gwada a wayoyi uku na gidanmu ban gani ba, har bakina ya ɗauko "a wajena yana aiki", na haɗiye. Na tambaye ta sunan wayarta na rubuta a littafin bashi. Alhamis zan koma Ikeja.